Dutse Daga Duniyar Mars Ya Faɗo A Faskari, Amma Ba A Taɓa Faɗa Mana A Aji Ba

Kwanakin baya ƙanina da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ya kawo mini littafinsa na kimiyya, ya ce in yi masa tambayoyi saboda jarrabawa ta matso. Na tambaye shi rabe-raben duwatsu, ya zubo su da Turanci ko numfashi bai yi ba: igneous, sedimentary, metamorphic. Na tambaye shi duniyoyin da ke zagaye rana, ya lissafo tara, ya rufe da Fuluto. Sai na kama hannunsa muka fito ƙofar gida, na nuna masa ƙaton dutsen da yaran unguwa ke hawa suna sulu a kai, na ce: "To wannan fa, wane iri ne a cikin ukun?" Ya kalli dutsen, ya kalle ni, ya ce: "Yaya, ai ba a ba mu wannan ba."

Ban yi masa dariya ba, don ni ma haka na fito. Na haddace, na rubuta, na ci, na manta. Fuluton da ya ambata kuwa, tun watan Agustan 2006 masana falaki suka cire ta daga jerin manyan duniyoyi a taronsu na birnin Prague, saura takwas. Ba a ma haifi yaron ba lokacin, amma ga ta nan daram a cikin rubutun da ya kwafo daga allo.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: darasin duwatsu, ma'adinai da tsarin rana yana cikin darussa mafi amfani da ake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma yana cikin waɗanda muka fi wulaƙantawa. Muna koyar da shi kamar labarin wata ƙasa mai nisa, alhali yana cikin aljihunmu, yana ƙarƙashin gonakinmu, kuma rashin saninsa ya ci mana rayuka da dukiya. Mu da muke riƙe da waya dare da rana mu ya fi kamata mu fara gyarawa.

Buɗe wayarka ka ga duwatsu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai gyaran waya ya ga koren allon nan na ciki. Babu wani abu a kansa da ya faɗo daga sama a shirye. Kusan komai haƙo shi aka yi.

Ƙwaƙwalwar wayar da silikon aka yi ta, silikon kuwa daga ma'adinin kwaz ake tace shi, wato farin dutsen nan mai ƙyalli wanda shi ne mafi yawan ƙwayoyin yashi. Gilashin fuskar wayar ma tushensa yashi ne. Abin da ke sa gilashin ya ji yatsanka wani siririn shafi ne da ido ba ya gani, na haɗin indiyam da kuza. Ƙarfen da mai gyara ke narkawa ya liƙa waya da waya, mafi yawansa kuza ne. Hanyoyin da wuta ke bi a kan allon jan ƙarfe ne, wasu mahaɗan kuma an shafa musu zinare ɗan kaɗan saboda ba ya tsatsa. Batirin yana ɗauke da litiyam da kobal da giraf, irin baƙin abin da ke cikin fensir. Lasifika da abin da ke sa wayar ta yi rawa idan ka sa ta a shiru suna aiki da maganaɗisun niyodimiyam. Akwai kuma ƙananan ma'ajiyan wuta da ake yi da tantalam.

Yanzu ka sake karanta jerin nan, ka tambayi kanka ina ake samun su. Kuza dai Jos ce. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar ta a can, kuma kakanninmu da yawa daga Kano, Katsina da Zazzau sun tafi aikin kuza, abin da ya sa har yau akwai manyan unguwannin Hausawa a Jos da Bukur. A shekarun 1950 Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, ɗan'uwan ma'adinin da ake samun tantalam a cikinsa. Litiyam ga shi ana haƙa a Nasarawa da Kaduna da Kwara, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024. Kobal kuwa fiye da rabin na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Tsallaka Nijar, yuraniyam ɗin Arlit ya shafe shekaru fiye da 50 yana kunna fitilu a Faransa.

Wato muna sayar da dutsen a buhu, mu sayo shi a kwali. Tsakanin buhun da kwalin akwai ilimi, kuma matakin farko na wannan ilimin shi ne darasin da ƙanina ke haddacewa.

Ga wani ƙaramin misali da kowa zai iya gwadawa. Ka taɓa mamakin yadda makulli da kuɗin ƙarfe ke zama aljihu ɗaya da wayarka ba su cika yi mata komai ba, amma ka wayi gari ka ga ƙananan karce a fuskarta? A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon taurinsu, lu'ulu'un daimon yana kan 10. Ƙa'idar ita ce mai tauri ke karce wanda bai kai shi ba. Kwaz yana kan 7, gilashin waya yana wajen 6, ƙarfen yawancin makullai kuma bai kai nan ba. Don haka ƙwayar yashi ɗaya a aljihu ta fi makulli haɗari ga wayarka, kuma goge fuskar waya da busasshen ƙyalle a lokacin ƙurar hunturu kamar goga ta da sanfefa ne. Wannan shi ne darasin taurin ma'adinai. Da haka aka fara mana shi, da babu wanda zai yi gyangyaɗi.

Ƙasarmu ta isa ɗakin gwaji

Kalmomin nan uku da muka haddace suna da ma'ana mai sauƙi idan aka faɗe su da Hausa. Akwai dutsen da ya narke a cikin ƙasa saboda zafi sannan ya huce ya daskare. Akwai wanda ya samu daga yashi da laka da ɓawon halittu da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, hawa kan hawa, har suka manne. Akwai kuma wanda zafi da matsi suka rikiɗar da shi daga kamanninsa na farko. Shi ke nan.

Na farkon shi ne Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, da Zuma a hanyar Abuja, da duwatsun Riyom, da na garin Dutse. Idan ka fasa ɗan guntu ka duba da kyau za ka ga ƙwayoyi fari da ruwan hoda da baƙi. Girman ƙwayoyin yana gaya maka cewa a hankali ya huce, can ƙarƙashin ƙasa. Baƙin dutsen tsaunin Biu kuwa aman wuta ne ya fito da shi waje ya huce da sauri, shi ya sa ƙwayoyinsa ƙanana ne.

Na biyun yana Sakkwato. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina a ƙarƙashin teku ya samu, domin akwai zamanin da teku ya ratsa inda Sahara take a yau. Shaidar tana nan: an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku a yankin Goronyo, har masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus. A Gadufawa ta Nijar an tono na Nigersaurus. Yaro ɗan Goronyo zai iya gama sakandare bai san sunan garinsu yana cikin littattafan kimiyya na duniya ba.

Na ukun shi ne duwatsun nan masu ɓarewa falle-falle na yankin Anka da Maru da Birnin Gwari, waɗanda jijiyoyin zinare ke ratsawa.

Kuma kakanninmu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Dutsen Dala tama aka zo nema a gindinsa, maƙera suka narka ta, gari ya kafu. Fatake sun san gishirin Bilma, sun san manda, sun san jar kanwa da ungurnu. Uwar da ke zuba kanwa a ruwan tsamiya ta ga yana kumfa, gwajin kimiyya take yi, irin wanda masani ke yi idan ya ɗiga ruwa mai tsami a kan dutsen siminti don ya tabbatar da shi. Makaranta ce ta kasa haɗa wannan sanin da wancan, sai yaro ya ɗauka kimiyya a Ingila aka haife ta kuma can za ta mutu.

Abin da rashin sani ya jawo mana

Wani zai ce duk wannan ƙarin sani ne kawai, ba ya sa tuwo a kwano. To mu tuna 2010.

A shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Yara suna suma, suna jijjiga, suna mutuwa. Dalili shi ne dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Talauci ne ya kai mutane ramin, wannan gaskiya ne, kuma akwai alhakin hukuma a ciki. Amma iyayen nan ba su san cewa dutse ɗaya yana iya ɗaukar ma'adinai da yawa a cikinsa ba, wani arziki wani guba, kuma ba su san ƙurar da ba ta da wari ko ɗanɗano tana iya kisa ba. Wannan jimla guda ce a darasin aji uku. Da kowane gida akwai yaro ɗaya da aka koya wa ita da Hausa, aka nuna masa dutsen a hannu, ina da yaƙinin wasu iyayen da ba su bari an shigo musu da shi tsakar gida ba. Haka kwallin da ake sa wa jarirai: wani nau'insa dutsen dalma ne aka niƙa. Mutum nawa ne a cikinmu, mu masu manyan wayoyi, suka san haka?

Sai asarar kuɗi. Akwai wani ma'adini mai ƙyallin zinare da ake kira firit, wanda ya sha raba mutane da jarinsu. Gwajinsa bai fi minti ɗaya ba: goga shi a bayan fasasshen tangaran ko tayil inda ba a yi wa sulɓi ba. Firit baƙin zane yake bari, zinare rawaya. Buga shi da guduma, firit farfashewa yake, zinare lanƙwasa yake ya baje. A farkon 2023 kuma bidiyon wasu duwatsu ya karaɗe WhatsApp da Facebook, wai an gano su a Kwango, wai suna ba da wutar lantarki da kansu. Masana duwatsu sun ƙaryata: wasu ma'adinai suna barin wuta ta bi ta cikinsu, amma dutse ba ya ajiye caji ya kunna ƙwai kamar batir. Duk da haka mu, masu data, mu muka fi kowa tura shi, har da addu'ar Allah ya kawo mana irinsa.

Dutsen Zagami

Yanzu ga labarin da ya fi ƙona mini rai, wanda kuma shi ne ya haɗa duwatsun da sararin sama.

Ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa kusa da dutsen Zagami, a yankin Faskari ta Jihar Katsina ta yanzu, sai ya ji ƙara mai ƙarfi, wani abu ya faɗo ya nutse a ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Dutse ne mai nauyin kilo 18. Shekaru bayan haka masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Yadda suka gane abin sha'awa ne: akwai iskar da ta maƙale a cikin ƙananan gurabe na dutsen, da aka auna ta sai ta dace da iskar Mars da kumbon Viking na Amurka ya auna a 1976. Wani abu ne ya daki Mars da ƙarfi, ya fizgo guntun ya jefa sarari, ya yi ta yawo yana zagaye rana kusan shekara miliyan 3 kafin ya faɗo gonar Bakatsine. Kuma irin dutsen aman wuta ne, dangin na Biu. Wato rabe-raben nan uku da muke haddacewa har a wata duniyar suna aiki.

A yau gutsattsarin Zagami suna gidajen tarihi da jami'o'i da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe daban-daban. An ma liƙa ɗan ƙanƙanin guntunsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996, ya koma wajen gida. A Jihar Katsina na yi karatuna, tafiyar da ba ta kai yini ba daga wurin, amma sai da na girma na ci karo da labarin a intanet, da Turanci, cikin dare ina neman wani abu daban.

Kada a ce tsohon zance ne. A Nuwamban 2023 an tsinci wani dutsen Mars a hamadar yankin Agadas, mai nauyin kusan kilo 25, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Ko me binciken ya gano, darasin a fili yake: wanda ya san dutse shi ke sa masa kuɗi.

Tsarin rana yana aiki a cikin wayarka

Ni ba malamin kimiyya ba ne. Rubuta manhaja na koya da kaina, da wayar hannu da tsohuwar kwamfuta. Abin da ya mayar da ni wannan darasin kuskure ne da na tafka.

Na haɗa wata ƙaramar manhaja mai nuna lokutan salla. Na kwafo lissafin daga intanet ban fahimce shi ba, na sa masa lambobin wurin da Kano take, na gwada na ga ya yi daidai, na raba wa abokai. Ana saura kwanaki azumi wani abokina da ke Sakkwato ya kira ni ya ce manhajar tana cewa magariba ta yi alhali ga rana nan yana kallon ta. Gabana ya faɗi. Da bai duba sama ba, da na sa mutane shan ruwa kusan minti 13 kafin lokaci.

Sai da na zauna na koyi abin da aka so koya mini ina ɗan shekara 12. Duniya tana juyawa digiri 360 a awa 24, wato digiri ɗaya duk minti 4. Sakkwato tana yamma da Kano da digiri uku da ɗoriya, ga minti 13 ɗin. Shi ya sa Maiduguri ke shan ruwa kusan rabin awa kafin Sakkwato duk da agogonsu ɗaya. Duniya kuma a karkace take da digiri 23.4, shi ke sa yini ya yi tsawo a watan Yuni ya gajarce a Disamba. Wata yana kammala zagayensa daga jinjiri zuwa jinjiri a kwana 29 da rabi, don haka shekarar Hijira kwana 354 ce, azumi yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 duk shekara. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ɗan aji ɗaya, kuma duk rayuwarsa ce ta yau da kullum.

Haka sauran abubuwan da muke taƙama da su. Ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda kake a Google Maps yana fitowa ne daga taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi a nisan kilomita 20,200, kuma wayarka tana buƙatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu. Saƙonsu da gudun haske yake zuwa, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai kauce da kai mita 300. Faifan talabijin da ke kan rufin gidanku ba ya motsi saboda tauraron da yake kallo yana nisan kilomita 35,786, inda zagaye ɗaya ke ɗaukar daidai lokacin juyawar duniya. Can NigComSat-1R na Najeriya yake tun Disamban 2011. Taurarin Starlink kuwa suna ƙasa-ƙasa, shi ya sa saƙonsu ke saurin zuwa, shi ya sa kuma ake buƙatar dubbansu. A Fabrairun 2022 wata guguwa daga rana ta sa kusan 40 daga cikin 49 da aka harba sabbi suka faɗo suka ƙone. Rana tana nisan kilomita miliyan 150, amma tana iya taɓa intanet ɗinka.

Abin da za a ce mini

Na san amsoshin, don na sha jin su.

Za a ce malamai ba su da kayan aiki, aji ɗaya yara ɗari, albashi ba ya isa. Gaskiya ne, kuma ban zo ɗora wa malami laifi ba. Da yawansu su ma haka aka koya musu. Amma wannan darasin shi ne mafi arha a duk kimiyya. Kowane yaro ya zo da dutse ɗaya daga hanyar gidansu. A samo ƙusa, fasasshen gilashi, guntun tayil, maganaɗisun tsohuwar lasifika da lemon tsami. An gama ɗakin gwaji. Tsarin rana kuma filin ƙwallo ya ishe shi: a ajiye ƙwallon ƙafa a matsayin rana, duniyarmu ƙwayar gero ce a nisan mita 24, wata yana santimita 6 daga gare ta, Jufita ɗan ƙaramin goro ne a mita 123, Neftun kuma sai an fita daga makarantar an yi tafiyar mita 700. Tauraro mafi kusa da rana, a wannan ma'aunin, ya wuce kilomita 6,000, kusan zuwa Makka da dawowa daga Kano. Yaron da ya taka wannan da ƙafarsa ba zai manta ba, kuma zai fi wanda ya haddace jin girman ikon Allah.

Za a ce jarrabawa da Turanci ake yi. To a koyar da kalmar Turancin, amma bayan an fahimci abin. Yaron da ya san Zara matar wata da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniya ce mai zagaye rana wani lokaci ta bayyana da yamma wani lokaci da asuba, ba zai sha wahalar riƙe sunanta na Turanci ba. Wanda aka fara wa da sunan kuwa, sunan kawai zai riƙe.

Za a ce koya wa yara darajar duwatsu zai tura su ramin haƙa. Ai suna can tun tuni. A ƙarshen 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aikin tsince litiyam a wuraren haƙa na bayan fage a Nasarawa. Ba darasin kimiyya ne ya kai su ba. Ilimi shi ne zai iya mayar da ɗan mai haƙa ya zama mai auna dutsen, ko mai tace shi, ko jami'in da zai hana a niƙa guba a tsakar gida.

Sai 'yan'uwana masu harkar fasaha da ke cewa a bar waɗannan tsofaffin darussa a koya wa yara rubuta manhaja. Sana'ata ce, ina son ta, amma na faɗa muku yadda ta kusa sa ni karya wa mutane azumi. Manhaja ba ta san komai ba sai abin da mai rubuta ta ya sani. Kuma ƙasar da ta iya rubuta manhaja kawai, kullum tana jiran wani ya ƙera mata abin da za ta rubuta a kai.

Abin da za mu iya yi da wayar da ke hannunmu

Ba sai mun jira an sauya manhajar karatu ba. Sauke Stellarium a wayarka, akwai na kyauta, ka fita da ƙannenka bayan isha'i ka ɗaga ta sama, ku nemo Jufita da Kaza da 'Ya'yanta. Sauke Phyphox ka ga yadda ma'aunin maganaɗisun da ke cikin wayarka, wanda manhajar alƙibla ke amfani da shi, yake motsi idan ka kusanto da shi ga dutse mai ƙarfe. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. Kafa sanda a tsaye, inuwarta za ta miƙe ta bayan alƙibla, ku gwada da abin da wayar ta nuna. Sa 2 ga Agustan 2027 a kalandarka: za a yi kusufin rana cikakke da zai bi ta Masar da Jidda da Makka, mu kuma a nan za mu ga wani ɓangarensa. Ka fara yi wa na gida bayani tun yanzu, kafin masu tura saƙon tashin duniya su riga ka, ka kuma gargaɗe su kada su kalli rana da ido tsirara.

Masu yin bidiyo a TikTok da YouTube, mun gaji da buɗe kwalin sabuwar waya. Ku je Kufena ku fasa dutse ku nuna mana cikinsa. Ku yi minti biyu da Hausa kan gubar dalma, mai yiwuwa ya ceci yaron da ba za ku taɓa sani ba. Masu rubuta manhaja irina, babu abin da ya hana mu haɗa taswirar duwatsun garuruwanmu da hotuna da sunayensu na Hausa, wadda za ta yi aiki ko babu data.

Ni dai na fara da ƙanina. Mun fasa guntun dutsen ƙofar gidan, ya ga ƙwayoyin da idonsa, ya karce kwalba da farar ƙwayar, ya ce wannan kwaz ne. Na ba shi labarin Zagami, bai yarda ba sai da na nuna masa hoton a waya. Ya ce zai tambayi malaminsu maganar Fuluto, na ce ya tambaya da ladabi, kuma idan jarrabawa ta zo ya rubuta takwas. Jiya ya dawo daga makaranta aljihunsa cike da duwatsu, ya yage aljihun wando, Inna tana ta yi mini faɗa.